Saba Ɗaya, Kwamfutoci Goma: Yadda Ake Rabon Ƙarfin Inji

Yau za mu leƙa ɗakunan nan masu sanyi ƙarara, inda bankuna da kamfanonin waya ke jera manyan kwamfutocinsu da ake kira saba, mu ga yadda inji guda ke rabuwa gida goma, kowane gida yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin IBM na Amurka ya fitar da manhajar rabon inji mai suna VM/370 tun 1972, amma sai a 2001, da VMware ya kawo manhajar ESX, abin ya sauko kan sabobin da ake iya saya a kasuwa. Xen ta biyo baya daga Jami'ar Kambirij a 2003, KVM kuma ta shiga Linux a 2007.

Rabon furosesa ba ya da wuya sosai. Lokaci ake yankawa: wannan ya yi aiki na ɗan ƙiftawar ido, ya kauce, wancan ya karɓa. Inda gizo ke saƙar shi ne memori, don wanda ya ajiye bayanansa a ciki ba ya saki da daɗin rai.

A ce saba tana da memori gigabait 64, mai kula da ita ya yi wa kwamfutoci goma alkawarin gigabait 8 kowacce. Ka ga an yi alkawarin 80 ke nan. Da gangan ake yin haka, kamar yadda banki ya san masu ajiya ba za su zo cire kuɗinsu duka rana ɗaya ba.

To, idan aka matsu fa? A nan ne aka yi wayon da ya fi burge ni. Akwai 'yar manhaja da ake dasawa cikin kowace kwamfuta, ana ce mata balan-balan. Injiniya Carl Waldspurger na VMware ya yi bayaninta a 2002. Idan wuri ya ƙure, sai manhaja mai rabo, irin su ESX, ta umarce ta da ta kumbura, wato ta nemi memori kamar mai buƙata. Kwamfutar da kanta za ta zaɓi abin da ba ta damu da shi ba ta sallama, sai a ɗauki gurbin a miƙa wa maƙwabciyarta mai buƙata. Idan hakan bai wadatar ba, mai rabo zai kwashe bayanai zuwa faifai ido rufe, ba tare da sanin mai muhimmanci ba. Daga nan aiki sai ya koma tafiyar hawainiya.

Mai kula da saba yana da linzami uku: kason da ya keɓe wa kwamfuta ko ana ha-maza-ha-mata, fifikon da za a ba ta idan ana rububi, da iyakar da ba za ta wuce ba. Ni dai wannan na ukun nake wa kallon tarko. Kwamfuta tana ganin gigabait 8 a lissafinta, alhali an ƙayyade mata 4 ba ta sani ba. Sai ta riƙa ɗingishi ko da saba na da sarari, a yi ta zargin manhajar da ke kanta, misali ta biyan albashi, ma'aikata kuwa na can suna duba waya ranar ƙarshen wata.