Gara ba ɗaya ba ce: duba kan sojanta

Ɗan'uwa manomi, in ka ga gara cikin gonarka, kada ka yi gaugawar sayen magani. Wata gara tana ɓarna, wata kuwa aiki take yi maka. Ma'aikatan gara, farare masu taushin jiki, duk kama suke da juna. Soja ne ke nuna iri. Fasa ginin ƙasar da suka yi, ka dakata kaɗan. Masu fitowa tsaro da kai mai tauri, ja ko ruwan ɗorawa, su ne sojoji. Ɗora ɗaya bisa baƙin ƙyalle, ka duba kansa.

1. Babban kai ja, da baki kamar almakashi. Wannan zago ne, mai gina babban suri. Sojansa iri biyu ne, babba da ƙarami. Babban ya kan wuce santimita 1, cizonsa yana fid da jini. Busasshen kara da itace yake ci. Kada ka kafa rumbu kusa da shi.

2. Kai mai tsinin hanci kamar bakin buta, ba a ganin almakashi. Ba ya cizo, wani ruwa mai danƙo yake fesa ma tururuwa. Surinsa gajere ne, ciyawa yake tarawa ciki. Ba safai yake taɓa shuka ba. Ka bar shi.

3. Soja matsakaici, da haƙori guda a cikin almakashin hagu. Wannan gara ce mai shafe kara da gindin icce da laka. Tana kankare ɓawon gujiya cikin ƙasa.

4. Ɗan ƙaramin soja, bai kai rabin santimita ba, da almakashi siriri. Ba shi da suri, gidansa ƙarƙashin ƙasa yake. Shi ne babban maƙiyi. Yana shiga saiwar gujiya da ta masara, ya cinye cikinta, shuka ta bushe tana tsaye. Ɓarnarsa tana ƙaruwa in ruwa ya ɗauke ƙarshen damana. Sai ka cire gujiya da zarar ta nuna, don kwanson da gara ta huda yana saurin yin funfuna mai guba.

Ka tuna da masu tassa a ƙasar Illela da Tawa. Takin da suke zubawa cikin rami gara yake kira. Ita ke huda fako, ruwan sama ya shiga, hatsi ya tashi. In ka yi shakka, sa soja biyu ko uku cikin ƙaramar kwalba, ka kai ma malamin gona.