Mamman Shata, Mai Tallan Alewa Da Hannunsa Bai Iya Riƙo Ba

Kafin duniya ta san Mamman Shata da kalangu, mutanen Musawa sun san shi da farantin goro. A garin aka haife shi a 1923, cikin ƙasar Katsina, a gidan Ibrahim Yaro, gidan da bai gaji kiɗa ko roƙo ba. Tun yana yaro ya kama sana'a. Ya sayar da goro, daga baya ya koma tallan alewa, yana bin kasuwannin ƙauye da dandali. A nan waƙar ta samo asali. Mai alewa sai ya tara jama'a kafin ya yi ciniki, shi kuwa Allah ya ba shi murya da saurin baki, yana buɗe baki samari da 'yan mata su kewaye shi. Ba don a ba shi ko anini yake yi ba a lokacin. Wasa ne na ƙuruciya, alewar kuma tana ƙarewa.

Mahaifinsa bai so ba. A wancan zamani duk wanda ya bi kalangu maroƙi ne a idon jama'a, kuma dattijo mai mutunci ba ya son a ce ɗansa yana miƙa hannu. Shata bai bar waƙa ba, amma ni a ganina maganar mahaifin nan ba ta taɓa barin zuciyarsa ba. Duk tsawon rayuwarsa ya yi waƙa ne yadda ɗan kasuwa ke yin sana'a: ga hajata, in ka so ka saya, in ba ka so ba Allah ya kawo wani. Ya riƙe noma bai sake shi ba, kuma bai zama mawaƙin fadar kowa ba, duk da sarakunan da ya yi wa waƙa.

Daga Musawa ya koma Bakori wajen ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa, can kuma ya yi aurensa na fari. A 1952 ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, daga ranar sunansa ya wuce ƙasar Katsina. Wajen 1960 ya tare a Funtuwa, inda ya yi kusan shekara 40.

Zaman Funtuwa shi ne abin da ya fi dacewa a tsaya a kai. Mutum irin Shata ba kansa kaɗai yake ciyarwa ba. Akwai matansa da 'ya'yansa, akwai makaɗa da 'yan amshi, kowanne da nasa iyalin, akwai direbobi, akwai dangin Musawa, akwai baƙon da ya sauka bai ce yaushe zai tafi ba. Duk wannan taro daga bakin mutum ɗaya suke ci. Abin da ya shigo kuwa ba kaɗan ba ne, domin attajirai da sarakuna sun yi masa kyautar motoci da dawaki da manyan riguna da kuɗi. Amma abin da mutanen da suka zauna da shi suka fi tunawa shi ne yadda dukiyar ke fita. A ba shi riga da dare, gari ya waye tana wuyan wani. A tashi daga wasa da kuɗi, kafin a isa gida an raba. Mai neman kuɗin magani, da wanda aure ya taso masa ba shi da sadaki, da wanda aka yi wa haihuwa babu ragon suna, sun san ƙofar da za su nufa. Wasu na ganin wannan rashin tattali ne. Ni ban yarda ba. Wanda ya taɓa ƙirga ribar alewa ɗaya bayan ɗaya ya san darajar kwabo sarai. Sani ya yi, ya zaɓi ya bayar.

Wannan hali ya fito a waƙoƙinsa ma. Bakin da ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa shi ne ya yi wa Bawa Direba da Hassan Sarkin Dogarai, kuma bai rage wa na ƙasa ƙarfin murya ba. Direba da dogari sun samu abin da kuɗi ba ya saya, sunansu ya zauna a bakin mutane har bayan ransu. Wannan ma kyauta ce, wataƙila ita ce mafi girma da ya yi.

Shi ya sa har yau talaka ke jin Shata nasa ne. Je ka Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina, ka zauna a bencin mai shayi tsakanin direbobi da masu faci da 'yan dako. Da wuya ka daɗe ba ka ji kalangunsa na tashi daga rediyo ko wayar wani ba, kuma da yawan masu sauraren ba a haife su ba lokacin da ya rasu. Ka ambaci sunansa, dattawan wurin za su ba ka labarin kyautarsa kafin su ba ka labarin waƙarsa Bakandamiya.

Ba waliyyi ba ne, kuma bai ce shi waliyyi ba ne. Yana da zafin zuciya, zambonsa na da ciwo, wanda ya faɗa bakinsa ya ji a jikinsa. Ya shiga siyasa, ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, amma rashin iya lanƙwasa ya sa kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba.

Masana sun gane shi tun yana raye. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988, tsohon mai tallan alewa ya zama Dakta.

Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki, aka binne shi a Daura, garin amininsa Sarki Bashar. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya ciyar ya zame masa haske a kabari.