Gurara ba ta karɓar rabo: abin da ke cin mutane a gindin magangarar ruwa

Da zarar an ba da hutun makaranta ko Sallah ta ƙarato, sai motocin kosta su fara cika da ɗalibai da 'yan ƙungiyoyin matasa daga Abuja da Minna da Kaduna, a nufi magangarar ruwan Gurara a Jihar Neja. Tafiyar yini ɗaya ce: a hau hanyar da ke tsakanin Suleja da Minna, a ratse wajen ƙauyen Bonu, a yi wasa a ci abinci, a dawo kafin magariba. Lokacin ne kuma tsohuwar magana kan farfaɗo a WhatsApp, wai ruwan yana da masu shi, kuma duk shekara sai sun karɓi rabonsu. Wasu iyayen su hana 'ya'yansu zuwa. Wasu matasan kuma su yi dariya su ce camfi ne, sannan idan an isa wurin su ture ɗan jagora gefe, don a ganinsu wanda ya iya iyo ba ya buƙatar ɗan ƙauye ya nuna masa inda zai taka.

Duka ɓangarorin biyu suna ba ni haushi, amma na biyun ya fi, domin shi ne ke shiga ruwan.

Gurara ba ƙaramar aba ba ce. Tsayin gangaren ya kai kimanin mita 30, faɗinsa kuma idan damina ta kankama yakan kai wajen mita 200, ruwan ya yi jawur ya rufe dutsen gaba ɗaya, ƙararsa ta hana ka jin na kusa da kai. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 30 yana isa ƙasa da gudun da ya haura kilomita 80 a awa, kuma ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan ɗaya ne. Wannan kowa na iya ganewa da ido, shi ya sa ba kasafai ake samun mai shiga ƙarƙashin zubar ruwan kai tsaye a watan Agusta ba. Inda ake yin kuskure shi ne ɗan gaba kaɗan, wurin da ruwan ya yi fari fat yana tafasa, yana ba mutum sha'awar ya tsunduma.

Farin nan iska ce. Ruwan da ya faɗo yakan tafi da iska cikinsa har ƙasa, ta watse ta zama ƙananan ƙwayoyin kumfa marasa adadi. Jikin ɗan Adam kuwa, ko da huhunsa cike yake da numfashi, da ƙyar ya fi ruwa rashin nauyi. Ɗan bambancin nan ne ke sa mu yi yawo a saman kogi. Idan kashi ɗaya cikin goma na abin da kake ciki iska ce, bambancin ya tafi, ruwan ba zai ƙara ɗaukar ka ba. Duk macen da ta taɓa wanki ta san haka: aje murfin roba a kan ruwan baho, zai tsaya yana lilo, kaɗa garin sabulu ya yi kumfa, ka ɗora murfin a kan kumfar, sai ya lume har ya tarar da ruwan gaske a ƙasa. To gindin magangara baho ne da ba a daina kaɗa shi dare da rana. Gwanin iyo ya kai hannu zai ja ruwa, ya jawo iska. Ya harba ƙafa, ba abin da ya tokare ta. Ga shi kuma ba zai iya shaƙar kumfar ba, don a huhu ruwa ce. Hatta rigar kariya ta masu jirgin ruwa ƙarfinta kan ragu a irin wannan wuri. Wanda ya tsira daga nan, idan ya ce ya ji kamar ana jan ƙafarsa ƙasa, ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya ji ke nan. Fassarar da aka yi wa abin ce ta kauce.

Akwai kuma juyin da ruwan ke yi. Idan ya daki ƙasa, wani sashe kan bi gindin kogi ya wuce, wani kuma ya taso sama ya komo baya wajen gangaren. Wato a saman ruwa, igiyar tana tafiya ne zuwa ga dutsen, ba nesa da shi ba. Mutum na iyo da iyakar ƙarfinsa don ya fita, ruwan na mayar da shi, ya danna shi ƙasa, ya sake tofo shi, har ya gaji. Shi ya sa gawa kan daɗe ba ta taso ba, ko ta maƙale a kogon da ruwa ya rarake ƙarƙashin dutse, sai a ce masu ruwan ne suka riƙe ta.

Mafi yawan baƙi ma ba iyo ke kai su ba, hoto ne. Duwatsun bakin ruwan kullum feshi na sauka a kansu, gansakuka ta lulluɓe su da wani siririn santsi da ido ba ya gani sosai. Dutse ya yi baƙi yana ƙyalli, ka ɗauka jiƙa ce kawai. Yarinya sanye da silifas na soso, waya a hannun dama, hannun hagu na gyara mayafi, tana ja da baya don gangaren ya fito a hoto: ba sai an kira aljani ba. Ko ruwan da bai kai ƙugu ba yana kisa idan yana gudu. Ƙafa ta shige tsakanin duwatsu biyu, igiyar ruwa ta kifar da mutum a kan fuskarsa, ya kasa ɗagowa. Ƙarfin da ruwa ke tura mutum da shi ba ya tafiya daidai da gudunsa: idan gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

Sai abin da baƙo ba shi da hanyar sani ko kaɗan. Kogin Gurara daga nesa yake tasowa, can ta kudancin Jihar Kaduna, kuma rafuka da yawa ke zuba a cikinsa kafin ya iso gangaren. Ana iya tafka ruwan sama a can, nan kuwa rana na ƙwalla, ba ko gajimare. Bayan sa'o'i ruwan ya iso. A saman kogin kuma akwai madatsar Gurara, wadda ke iya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 880, wadda daga cikinta aka ja bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma don shayar da Abuja. Duk kogin da ke da madatsa a samansa, yawan ruwansa ba ga sama kaɗai ya dogara ba. A ganina lokacin da ya fi yaudara shi ne farkon damina, Afrilu zuwa Mayu. Wanda ya zo a watan Fabrairu ya ga ruwa garai-garai, ya yi wanka a gurbin da ke ƙasa, sai ya dawo da abokansa yana cewa ai ya san wurin. Gurbin da ya sani ba shi ne ke gabansa ba.

Nan ne amfanin ɗan jagora yake. Yaron da ya tashi a bakin kogin nan ba zai yi maka lissafin nauyin ruwa ba, amma yana da dutsen da yake duba duk safiya: idan ruwa ya taɓa wani tabo a jikinsa, yau ba a sauka ƙasa. Ya ga ruwa ya fara gurɓacewa, karmami da ƙananan itatuwa na tahowa, ƙarar ta sauya, sai ka ji ya ce, “Alhaji, a hau sama yanzu.” Alhaji kuma ya ce bari a ƙarasa hoto. Tarihin baka na yankin na cewa wani maharbi Bagwari mai suna Buba ne ya gano wurin a 1745, kuma mutanen zamanin da sun riƙe shi wurin bauta. Ban yi mamaki ba idan gurbin da kakanni suka ce kada a kusanta shi ne dai gurbin da kumfa da juyi suka haɗu. A bakinsu maganar gargaɗi ce, kuma ta yi aiki. A bakinmu ne ta koma uzuri. Da an ce ruwa ya karɓi rabonsa, magana ta ƙare, ba mai tambayar wa ya karɓi kuɗin shiga, malamai nawa suka raka ɗalibai sittin, ko akwai igiya ko da guda ɗaya a bakin ruwan. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma ba mu taɓa cewa direban da ya fita da mota ba birki ba shi da laifi don ajali gaskiya ne.

A kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe akwai magangarar Biktoriya a kogin Zambezi, faɗinta mita 1,708, tsayinta mita 108. A ɓangaren Zambiya akwai wani gurbi a daidai leɓen gangaren da ake kira Tafkin Shaiɗan, inda baƙi ke shiga su leƙa ƙasa. Jin sa kawai ya isa ya tayar da tsikar jiki. Amma ba wanda ke zuwa shi kaɗai. Da kwalekwale ake kai mutane tsibirin Livingstone, 'yan jagora ne ke gaba, su nuna inda za a bi da inda za a zauna, kuma a watannin ƙarancin ruwa kaɗai ake buɗe shi, wajen Agusta zuwa Janairu. Kogi na cika sai a rufe, ko nawa baƙo ya zo da shi. Ikon cewa “yau ba a shiga” shi ne abin da ɗan jagoranmu ba shi da shi. A galibin wuraren shaƙatawarmu ba albashi yake ci ba, abin da baƙo ya miƙa masa ne abincinsa, kuma wanda ke jiran ihsaninka da wuya ya daka maka tsawa. Gwamnatoci sun sha yin alkawarin mayar da irin waɗannan wurare na zamani, da otal da abin hawa na alfarma. Ni da za a fara da horar da matasan ƙauyen kan ceto, a ba su riga mai shaida da igiya da usur, a kuma haɗa su da lambar wayar ma'aikatan madatsa, da na fi murna.

Kafin a kai can, mai shirya tafiya na da nasa aikin. Ya nemi ɗan jagora tun a ƙofa, ya biya shi a gaban kowa, ya gaya wa jama'arsa cewa maganar wannan mutum ita ce ta ƙarshe. A sa kambas mai kama ƙasa, a bar silifas a mota. A raba yara rukuni-rukuni, kowane da babban da zai ƙirga su, domin mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na neman numfashi ne, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa, ga ƙarar ruwa ta cika kunne. Idan kuwa wani ya faɗa, kada ɗan'uwansa ya bi shi, don haka ake rasa biyu maimakon ɗaya. A miƙa masa doguwar sanda, ko rawani, ko a jefa masa jarkar da babu komai a ciki an toshe bakinta, mai miƙawar kuma ya kwanta rub da ciki a kan busasshen dutse, wani na riƙe da ƙafafunsa.