Shin Ko Kun San? Waya, Rance da Jarin Mata

Shin ko kun san cewa rancen da mata masu ƙanana da matsakaitan sana'o'i ke buƙata a ƙasashe masu tasowa, amma ba sa samu, ya kai kimanin dala tiriliyan 1.7? Hukumar IFC ta Bankin Duniya ce ta yi wannan kiyasi a 2017. A Afirka kaɗai, Bankin Raya Afirka ya ce giɓin ya kai dala biliyan 42. Babban cikas shi ne jingina: banki yana son takardar fili ko ta gida, ita kuwa takardar da wuya ka ga sunan mace a kanta.

Ko kun san a Kenya waya ta fara maye gurbin jingina? Kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a 2007 don tura kuɗi. A 2012 aka ɗora M-Shwari a kansa, wanda ke duba yadda kuɗi ke shiga da fita a layin mutum, ya yanke masa abin da zai iya ranta. Mai sayar da kayan miya sai ta danna wayarta da asuba, kuɗi su shigo kafin ta isa wurin sari, ba mai tsaya mata, ba ta sa hannu a takarda ko ɗaya ba. Binciken Tavneet Suri da William Jack na 2016 ya gano cewa M-Pesa ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci, mata kimanin 185,000 kuma sun bar noman ci suka kama kasuwanci.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Yuganda. Masaniyar tattalin arziki Emma Riley ta bi mata kusan 3,000 da suka karɓi rance daga ƙungiyar BRAC a Kampala. Wasu an damƙa musu tsabar kuɗi, wasu an zuba musu a asusun waya. Bayan wata takwas, na wayar sun fi riba, jarinsu kuma ya fi kauri, musamman waɗanda dangi ke yawan matsa wa lamba. Duk macen da ta taɓa kwashe adashi ta san dalili. Kuɗi na shiga hannu labari ya zaga gida: maigida zai ara zuwa jibi, ƙani yana neman na makaranta, ga bikin 'yar ƙanwa ya ƙarato. Kunya ba za ta bari ta hana ba. Kuɗin da ke cikin waya kuwa ba wanda ya ga ƙullinsu a bakin zane, sai ta samu sararin sayen haja tukuna.

An ga irin wannan a ƙasar Hausa ma. Lokacin ƙarancin abinci na 2010, an raba tallafi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a Nijar, wasu a hannu, wasu ta hanyar Zap na kamfanin Zain. Gidajen matan da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, matan kuma sun huta da doguwar tafiya da bin layi.

Shin ko kun san a Indiya fiye da rabin asusun Jan Dhan, shirin buɗe asusun banki da aka fara a 2014 wanda ya haura asusu miliyan 500, na mata ne?

To amma rancen waya yana da kaifi. M-Shwari ya fara ne da cajin kashi 7.5 cikin ɗari na kwana 30, wato kashi 90 idan aka lissafa a shekara, kuma kuɗin ba su cika isa sayen firji ko injin niƙa ba. Mutane da yawa a Kenya sun faɗa jerin masu taurin bashi kan kuɗi ƙalilan, har Babban Bankin ƙasar ya hana a 2020 a saka sunan wanda bashinsa bai kai shilin 1,000 ba. Wasu manhajojin kuma sukan kwashe lambobin wayar mai bashi su aika wa danginta saƙon tozarci, abin da ya fi yi wa mace illa a gidan aure. A 2023 Google ya haramta wa manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan mutane.

Masu gudun kuɗin ruwa fa? A 2022 Safaricom da bankin Gulf African sun fito da Halal Pesa, rancen waya bisa tsarin Musulunci.

Ko kun san a Najeriya doka ta 2017 ta amince a yi jingina da kadarar da ake iya ɗauka? Keken ɗinki, injin markaɗe, awaki, har hajar shago, duk ana iya rajistarsu a rumbun rajistar jingina da Babban Bankin Najeriya ya buɗe a 2016.