Yadda Matuƙin Jirgin Iska Ke Gane Hanya a Teku da Dare

Bafataken da ya taso daga Jega zuwa Maiyama da dare yana da hanya a ƙarƙashin ƙafarsa, mai kwalekwale a Gulbin Zamfara kuma yana da gaɓa dama da hagu. Amma wanda ya shiga teku da ƙaramin jirgin da iska ke turawa, da zarar ƙasa ta ɓace masa, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya rage masa shi ne kamfas, da agogo, da lissafi.

Ana auna tafiyar teku da mil na teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne. A ɗauka jirgi yana cin mil 5 a awa, ya kama hanya ƙarfe 7 na yamma har zuwa 6 na safe. Awa 11 ke nan, wato mil 55, kimanin kilomita 102. Matuƙi yakan rubuta gudunsa da alƙiblarsa kowace awa, ya sa ɗigo a taswira. Sai dai ƙaramin kuskure yakan girma: kaucewar digiri 1 tana kawo ratar mil 1 bayan tafiyar mil 60. Idan gyangyaɗi ya sa aka kauce da digiri 5, gari zai waye jirgin yana kusan mil 5 daga inda ake zato, wataƙila a bakin duwatsu. Ga kuma ruwan kansa yana tafiya. A gaɓar Legas yawanci gabas yake ja. Shi ya sa ma'aikatan jirgi ke karɓa-karɓar tsaro, wani na barci wani na riƙe da akala.

Gudun karo kuwa, dokar teku ta duniya ta 1972 ta wajabta jar fitila a hagun jirgi, koriya a dama, fara a baya. Wanda ya hangi ja da kore tare ya san jirgi ne ya doso shi kai tsaye.

A yau na'urar GPS tana nuna wuri nan take, amma batiri na mutuwa, ruwan gishiri kuma ba ya raga wa waya. A nan ne tauraron arewa ke da rana. Da yake yana kusan saitin sandar da duniya ke juyawa a kanta, sauran taurari suna kewayawa, shi yana nan daram. Bugu da ƙari, tsayinsa daga gindin sama daidai yake da nisan mai kallo daga layin ikwaita.

Ɗalibi a Aliero ko Jega zai iya gwada wannan ba tare da ya ga teku ba. Garuruwan suna kimanin digiri 12 arewa da ikwaita. A daren da babu hadari ko hazo, ya fita fili, ya fuskanci arewa, ya miƙe hannu ya dunƙule shi. Faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Zai tarar da tauraron ya ɗan ɗara dunƙule guda daga ƙasa. Matuƙin da ke wajen Legas zai gan shi a kimanin digiri 6 da rabi, in ya ƙetare ikwaita ya ƙara yin kudu kuwa, tauraron ya nutse masa ke nan.