Yadda Ake Shirya Ɗakin Wasan Yara da Kuɗi Kaɗan

Gabatarwa

Duk wanda ya san Wunti a cikin garin Bauchi ya san wuri ne da ba ya rabuwa da hada-hada. Ga kasuwa, ga shataletale, ga motoci da Keke Napep suna kai da komo tun safe har dare. A wani lungu kusa da kasuwar yayata take zaune da 'ya'yanta uku. Wata rana da la'asar, lokacin da na je hutu, na tsakiyansu ya bi ƙwallo har titi, saura ƙiris keke ya buge shi. A daren nan Yaya ta ce da ni, "Ƙanena, ko dai mu kulle yaran nan, ko mu samar musu abin da zai riƙe su a gida." Wannan maƙala za ta bayyana yadda muka bi hanya ta biyu ba tare da mun ci bashi ba.

Zaɓen Wuri

Mutane da yawa suna ɗauka ɗakin wasa sai gidan masu hali. Tarihi bai nuna haka ba. A shekarar 1907 Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ta kula da su shi ne komai ya zama daidai tsawon yaro. Mu ma haka muka yi. Mun kwashe tarkacen da ke cikin ƙaramin ɗakin ajiya, muka sayar da tsofaffin ƙarafa ga 'yan gwangwan, kuɗin ya zama jarinmu. Abin da ya sa ɗakin ya dace shi ne yana da taga, kuma daga madafa Yaya tana hango ƙofarsa.

Ƙasa da Bango

Ba mu sayi kafet ba, domin yana tara ƙura, musamman lokacin hunturu. Tabarma biyu muka shimfiɗa, a kakkaɓe da safe, a shanya idan an jiƙa. Bango kuwa farar ƙasa muka shafa masa. Dalili shi ne wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma, yaro kuma komai ya ɓantaro baki yake kai wa. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Sai muka sa kafinta ya yi mana kanta gajeriya da ragowar katako, ya kafe ta a bango don kada ta faɗo, ya kuma sa wa tagar raga saboda sauro.

Kayan Wasa

A nan ne aka fi ɓarnar kuɗi, alhali abin da yaro ya haɗa da hannunsa ya fi daɗewa yana wasa da shi. Mun roƙi kwalaye a wurin masu shaguna, muka karɓo ƙyallaye a wurin tela aka ɗinka 'yartsana. Babban yaron ya koyi yin motar kara, tayoyinta na tsohon silifa. Ƙwallo, alli da ƙaramin allo kawai muka saya.

Sai dai a kula. Ƙaramarsu ba ta kai shekara uku ba, don haka duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar tishu mun ɗauke shi, domin zai iya maƙale mata a wuya. Duwatsun carafke da murafun kwalba suna can sama, sai ta yi barci ake sauko da su. Ƙananan batura masu kama da maɓalli ba sa shiga ɗakin sam. Soket ɗin da ke ƙasa ma mun toshe shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ɗakin Wasa da Harshe

Ga abin da ya shafe mu ɗaliban harshe. Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. A wurin langa da 'yar ɓuya na tsince ta, tun kafin in san mene ne nahawu. Saboda haka na rubuta sunan kowane abu a jikinsa: ƙofa, taga, ɗaki, ɓawo, don idon yaran ya saba da baƙaƙe masu ƙugiya. Bayan sallar isha kuma ana zama a tabarma a yi tatsuniya da kacici-kacici.

Kammalawa

Mai karatu zai ga cewa abin da aikin nan ya ci lokaci ne da lura, kuɗin kaɗan ne. Yaran ba su daina leƙa waje ba, yaro ai yaro ne. Amma yanzu 'ya'yan maƙwabta ne suke sallama a gidan Yaya, har tana ƙorafin tabarma biyu sun yi kaɗan.