Rubuta Sunayen Tudu da Rafi a Yankin Madobi, Kura da Bunkure

Ƙasar da ta shimfiɗu daga Madobi zuwa Kura da Bunkure ba ta da manyan duwatsu irin su Dala da Gwauron Dutse, waɗanda sunayensu suka daɗe da shiga littattafan tarihin Kano. Abin da take da shi tudu ne da kwari da fadama da ƙananan rafuffuka masu gangarawa zuwa kogin Kano da na Calawa, kuma yawancin sunayensu a bakin manoma da makiyaya kawai suke. Wannan ne ya sa suke saurin ɓacewa.

Babban dalilin ɓacewar shi ne aikin noman rani na kogin Kano, wanda ya kankama bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da aka baje ƙasa aka haƙa magudanan ruwa, an cike wasu kududdufai, an karkatar da wasu rafuffuka, sannan aka sake raba gonaki bisa tsarin sekta, wato yankin da magudana guda ke shayarwa. Matashin da ya tashi yana noman tumatir a Kadawa ko shinkafa a Kura da sekta da lambar fili yake kwatance, domin da su yake biyan kuɗin ruwa, kuma ba shi da wata bukata ta riƙe sunan rafin da bai taɓa gani ba.

Illar hakan takan bayyana a gaban dagaci ko alƙali, inda ake rabon gado ko shari'ar iyaka, domin tsofaffin shaidu da sunan kwari ko na tsamiya suke nuna inda gona ta tsaya, idan kuwa suka rasu hujjar ta tafi tare da su. Haka ma burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu, da mashayar da yake kaiwa, sunayensu ne shaidar cewa makiyaya suna da haƙƙi a wurin. Sunan da ke ɗauke da fadama kuma gargaɗi ne ga mai son gina gida a inda ruwa ke kwanciya da damina.

Sai dai rubuta sunayen ma yana da tasa matsalar. Taswirorin da aka gada daga Turawa sun zubar da ƙugiyar haruffa, sun kuma mai da Ciromawa Chiromawa, Calawa Challawa, har kuskuren ya zama shi ne na hukuma. Wani masani mai suna Kirk-Greene ya yi nazarin asalin sunayen wurare na Hausa tun 1964 a Zariya, amma irin wannan aiki ya fi karkata ga garuruwa. Wuri guda kuma yakan kasance da sunan Hausa da na Fulfulde, kuma mai rubutun da ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, ko da bai yi nufi ba, ya riga ya ɗauki ɓangare a rikicin manomi da makiyayi.